Martani ga Masu Cewa a Fitar da Mutanen Peten Daga Kurmi

A 1990 gwamnatin Gwatamala ta keɓe fiye da hekta miliyan 2 na kurmin Peten, a arewacin ƙasar, ta mayar da shi gandun dajin Maya. 'Yan shekaru bayan haka hukumar CONAP, mai kula da gandun, ta fara ba ƙungiyoyin mazauna yankin hayar wasu sassansa na shekara 25: su yanki katako su sayar, su kuma tsare dajin. Tun daga lokacin bakin masu suka bai huta ba.

Zarginsu na farko: wai ta yaya za a ce ana kare daji alhali zarto na ci a cikinsa? Mai wannan magana bai san yadda ake saran ba. Ana raba fili kashi-kashi, a shiga kashi ɗaya a shekara, a zaɓi bishiya ɗaya ko biyu a hekta, yawanci mahogani, ɗan'uwan maɗacinmu, sannan a bar wurin shekaru ashirin da ɗoriya kafin a koma. Dole kuma ƙungiya ta samu takardar shaidar FSC, mai tabbatar da cewa ana saran bisa ƙa'ida, cikin shekara 3, ko ta rasa hayar. To, a dubi Laguna del Tigre, can yamma, inda doka ta hana taɓa ko reshe. Can ne masu kiwon shanu, wasunsu da kuɗin hodar iblis a bayansu, suka ƙone daji suka mayar da shi makiyaya. Takarda ba ta kashe gobara. A filayen haya kuwa, mutanen gari ne ke share hanyar tare wuta da yin sintiri kowane rani, don tukunyarsu ce za ta ƙone.

Na biyu, wai kuɗin Amurka ne ke riƙe da su. An ba da tallafi, ba ƙarya, musamman a farko. Amma mutanen Karmelita da Washaktun, biyu daga cikin garuruwan da ke da hayar, sun daɗe suna tatsar ƙaron cingam kafin wani baƙo ya zo da jaka. Yau suna sayar da ganyen shate, wanda masu haɗa furanni a Amurka ke nema, da 'ya'yan itacen ramon, kuma a 2003 ƙungiyarsu ACOFOP ta taimaka aka kafa kamfanin FORESCOM don sarrafa katako da neman kasuwa.

Na uku ya fi nauyi, kuma ba zan kauce masa ba: wasu sun gaza. A 2009 an soke hayar La Kolorada da San Migel. Sai dai a tambaya, su wane ne? Garuruwa ne na bakin hanya, yawancin mutanensu baƙi ne manoma da ba su saba cin abinci daga kurmi ba, ga masu shanu sun matsa musu da sayen fili ta bayan fage. Laifin nan har da gwamnatin da ta bar su babu kariya.

Saura masu cewa yawon buɗe ido a kufan birnin El Mirador zai fi katako riba. Har ƙudiri aka kai majalisar dattawan Amurka a 2019 kan yankin, bai zama doka ba. A ƙarshen 2019 ɗin kuwa gwamnatin Gwatamala ta sabunta wa Karmelita hayarta, wasu shekaru 25.