Marubucin Tamale, ka rubuta Tamale

Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a tsakanin matasan zango masu sha'awar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Yaro an haife shi a Tamale, ya tashi yana zirga-zirga tsakanin Sakasaka da kasuwar Aboabo, amma da zarar ya ɗauki alƙalami sai ya kai labarinsa Kano ko Abuja, ya gina wa wani Alhaji katafaren gida a unguwar da bai taɓa takawa ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne, yawancin littattafan da ya karanta daga can suka fito, sai ya ɗauka cewa labarin Hausa ba ya tsayuwa sai a ƙasar Hausa. Ra'ayina shi ne wannan ɗabi'a ce ke kashe littafi tun kafin a kai babi na biyu, domin mai karatu yana saurin gane wanda ya gani da wanda aka ba labari.

Tarihin adabinmu ma bai goyi bayan wannan kwaikwayo ba. Gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East ita ta haifar da littattafai biyar na farko, kuma a cikinsu Bello Kagara ya gina Ganɗoki a kan yaƙin Kwantagora da Turawa, wato abin da mutanen yankinsa ke tunawa. Marubutan Adabin Kasuwar Kano, irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino, sun samu karɓuwa ne saboda sun rubuta auren dole da kishi da soyayya kamar yadda suke gani a gidajen da ke kewaye da su. A nan Gana kuwa muna da Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano a 1858, ya zauna a Salaga, ya koma Kete-Karaci bayan yaƙin basasar 1892, ya rasu a can a 1934. Ya yi rubutu da ajami da Larabci a kan zuwan Nasara da talauci da halin zamaninsa, daga inda yake zaune. Wanda yake son ya yi koyi da waɗannan magabata, to ya koyi kallon gida.

Rubuta wuri ya wuce jera sunayen unguwanni. Wuri yana shiga labari ne idan shi ke matsa wa taurari lamba har su yanke shawara. Mu ɗauki misali: yarinya ce a zangon Tamale, kakanta ya zo daga Kano a fataucin goron Gwanja, mahaifiyarta kuwa Badagwamba ce. An sa ranar aurenta, babu kuɗin kayan ɗaki, ƙawayenta suna ce mata ta bi su Kumasi ta yi dakon kaya a kasuwa na 'yan watanni. Mahaifinta malamin allo ne, yana ganin tafiyar zubar da mutuncin gida ce. Mahaifiyarta ta san kuɗin man kaɗanyar da take sayarwa ba zai isa ba. Ga jigo, ga rikici, ga abin da kowa zai rasa idan ya bi son ransa, kuma duk garin ne ya samar da su. In ka ɗauke yarinyar nan ka kai ta Abuja, labarin ya mutu.

Sai batun harshe, wanda shi ne ya fi tsorata marubucin zango. Hausar Gana ta bambanta da ta Kano: da yawa ba sa rarrabe jinsin namiji da na mace a magana, haruffa masu lanƙwasa sukan saje da takwarorinsu, ga kuma kalmomin Dagbani da Tuwi da Ingilishi sun shiga ciki. Shawarata ita ce a raba aiki gida biyu. Muryar mai ba da labari ta bi daidaitacciyar Hausa da ƙa'idojin rubutu, domin mai karatu a Katsina ko Maraɗi ya bi ka ba tare da tuntuɓe ba. Bakin taurari kuwa a bar shi yadda Allah ya yi shi. Tsohuwa mai sayar da koko a bakin tasha ba za ta yi magana kamar mai karanta labarai a rediyo ba. Sai dai a sa da awo kamar gishiri, kalma ɗaya ko biyu a wurin da ya dace sun isa su nuna asalin mutum. Ka kuma lura da harshen da tauraruwarka ke yi da mahaifinta da wanda take yi da mahaifiyarta, da wanda take komawa gare shi idan ta fusata, domin a nan halinta yake bayyana ba sai ka faɗa ba.

Wani zai ce masu sayen littattafan Hausa a Nijeriya suke, ba za su damu da Tamale ba. Ina ganin akasin haka. Mai karatun Kano yana da ɗaruruwan littattafai a kan Kano, waɗanda 'yan gari suka rubuta, kuma ba za ka fi su sanin garinsu ba. Abin da ba shi da shi shi ne labarin danginsa da suka bi ayari suka yi kudu maso yamma, suka auri 'yan ƙasa, suna kallon bikin Damba, suna ƙirga kuɗi da sidi, amma har yau suna gaisuwa da Hausa. Wannan gona taka ce, kuma kusan ba a taɓa sa mata fartanya ba.

Saboda haka kafin ka rubuta babin farko, ka sayi ƙaramin littafi, ka zauna da dattawan unguwarku ka tambaye su yadda iyayensu suka zo, ka rubuta yadda ake ciniki da faɗa da neman gafara a layinku. Idan shafukan sun cika, za ka tarar taurarinka sun riga sun fara magana.