Kasafin Da Ke Rawa Da Kiɗan Gangar Mai

Duk shekara idan an gabatar da kasafin kuɗi sai mu cika shafuka da "an ware tiriliyan kaza", mu yaba ko mu zaga. Kaɗan ne a cikinmu ke duba layin da ya fi kowane muhimmanci: farashin gangar ɗanyen mai da aka gina kasafin a kai. Mai ne ke kawo wa Nijeriya mafi yawan kuɗin shiga daga ƙetare, amma bai kai kashi 10 cikin 100 na abin da ƙasar ke samarwa ba. Ma'ana aljihun gwamnati yana rataye ne da kasuwar da ba mu da iko a kanta.

A ganina matsalarmu ba yawan kashe kuɗi ba ce kawai, lokacin da ake kashewa ne da abin da ake kashewa a kai.

Ku duba shekarun 1970. Bayan yaƙin Larabawa da Isra'ila na 1973 farashin mai ya ninka kusan sau huɗu. Nan da nan aka yi ƙarin albashin Udoji, har da biyan bashin watannin baya, kuɗi suka cika hannun ma'aikata, kaya suka yi tsada. A 1975 aka yi odar siminti wajen tan miliyan 20, ɗaruruwan jirage suka yi cirko-cirko a tashar Legas wata da watanni, ana biyan su kuɗin jira. A daidai lokacin dalar gyaɗa ta Kano ke ɓacewa. Fari da cutar gyaɗa sun taka rawa, gaskiya ne, amma naira mai ƙarfi ta sa shigo da kaya ya fi noma su riba. Alƙaluma kuwa suna cewa tattalin arziki na bunƙasa.

To ga tarkon: albashi da tallafi da manyan ayyuka suna hawa cikin sauƙi, saukowa ce ba sa yi. Da farashi ya faɗi a shekarun 1980 sai bashi, sai tsarin SAP na 1986.

An taɓa gwada magani. A 2004 gwamnatin Obasanjo ta buɗe asusun rarar mai, inda ake ajiye abin da ya haura farashin kasafi. Ya kai wajen dala biliyan 20 a 2008, ya kuma rage mana raɗaɗin rikicin kuɗi na duniya. Daga nan aka yi ta rabawa, gwamnoni na cewa tsarin mulki ya ce a raba. Da mai ya sauko daga sama da dala 100 a 2014 zuwa ƙasa da 30 a farkon 2016, rumbun ya kusa zama wayam. Jihohi da dama suka kasa biyan albashi a 2015, ƙasar ta shiga koma-bayan tattalin arziki a 2016.

Wani zai ce ƙasar da yara ke karatu a ƙasa ba ta da hurumin ajiya. Hujja ce mai nauyi, ban raina ta ba. Sai dai kuɗin rarar ba duka a aji da asibiti suka ƙare ba. Botsuwana ta tara kuɗin lu'ulu'u a asusun Pula, ta kuma gina makarantu. Ita ma yau tana jin jiki tun da lu'ulu'un da ake ƙerawa a masana'anta ya karya kasuwa, domin ajiya kaɗai ba ta haifar da wata sana'a.

Saboda haka idan za ku yi rubutu kan kasafin bana, ku nemo farashin gangar da aka ƙiyasta, da yawan gangunan da ake sa ran haƙowa kullum, da kason da biyan bashi zai cinye kafin a sa bulo ko ɗaya.