Ku Daina Sa Wa Jarumanku Karyayyen Turanci a Baki

Yau ba ci gaban labari na kawo ba, ƙorafi ne, kuma na san wasu za su ji zafi. A yi haƙuri, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Kwanan baya na karanta wani littafi, ba zan kama suna ba. Jarumin likita ne, an ce shekara bakwai ya yi yana karatu a Landan. Ya shigo ya tarar da amaryarsa tana kuka, ya durƙusa ya kama hannunta ya ce, "Please, stop to cry." Wallahi sai da na ajiye littafin na yi dariya. Marubuciyar "daina kuka" take nufi, amma abin da ta sa a bakin likitan shi ne "dakata ki yi kuka". Daina kuka "stop crying" ne. Wato maimakon rarrashi, hutu ya ba ta don ta yi kukan da kyau!

Ga inda gizo ke saƙa. A Turanci idan aikatau biyu suka biyo juna, sau da yawa na biyun yakan zo da ɗayan kama biyu: ko a liƙa masa wutsiyar "ing", ko a sa "to" kafinsa. Kuma na farkon ne ke zaɓa, ba son ran marubuci ba. Enjoy, avoid, finish da deny wutsiya suke so, shi ya sa "I enjoy to read" da ya cika littattafanmu kuskure ne, "I enjoy reading" ake cewa. Want, decide, promise, refuse da hope kuma sai "to". Irin su start da begin ba su da fitina, kowanne ka ba su sun karɓa.

Masu haɗarin su ne waɗanda ke karɓar duka biyun amma ma'ana ta juye, kuma abin haushi su ne kalmomin da labarin soyayya ba ya rabuwa da su. "Remember to lock the door", ki tuna ki kulle ƙofa, ba a kulle ba tukuna. "I remember locking the door", na tuna na kulle, an riga an yi. "I regret marrying you", na yi nadamar aurenki. "I regret to tell you", ina baƙin cikin sanar da ke. Ni kaina na taɓa faɗa wa ramin. A wani littafina na farko-farko saurayi ya rubuta wa budurwa "I will never forget to meet you", ina nufin ba zai manta ranar da suka haɗu ba. 'Yar yayata ce ta nuna mini cewa alƙawari na sa ya yi na ba zai manta ya je wurinta ba, "meeting you" ya kamata. Na ji kunya, na cire a bugu na gaba.

Sai kuma "I look forward to see you" da ake rufe kowace wasiƙar soyayya da shi. Wannan "to" ɗin ba irin wancan ba ne, dangin "zuwa" ne, abin da ke binsa sai ya yi aikin suna. Don haka "to seeing you".

Abin da ya fi ba ni takaici, mu ma fa muna da wannan bambanci a Hausa, kuma ba mu taɓa ruɗewa. "Ya daina shan shayi" daban, "ya tsaya ya sha shayi" daban. "Sha" ya koma "shan" ya yi aikin suna, kamar dai yadda wutsiyar "ing" ke yi. Yaro ɗan shekara biyar ba zai haɗa su ba. To don me za ka bar harshen da kake sarki a cikinsa ka je kana bara a wanda ba ka ƙware ba?

Na san amsar da za a ba ni. Za a ce ai Turancin Nijeriya ne, kowa ya gane. Idan ɗan kasuwa ne ke magana a labarinka, ba ni da ja, haka mutane ke yi. Amma kai ne ka ce mana jaruminka a Ingila ya yi digiri. Kuma su wa ke karanta mu? Da yawa 'yan sakandare ne, suna ɓoye littafin a cikin littafin darasi, suna haddace kalaman jarumi su rubuta wa juna. Gobe su ne za su zauna WAEC da NECO, inda sai da kiredit a Turanci ake samun jami'a, ga JAMB da Turanci ya zama dole ga kowa. Mai makin jarrabawa ba ruwansa da cewa a littafin wane aka gani, ja zai yi da jan biro. Mu da ake zargi tun tuni da ɓata tarbiyya, sai kuma mu ƙara da ɓata nahawu?

Wasu kuma za su ce ni da na tsaya a sakandare ina na ga bakin gyara wa mutane Turanci. Gaskiya ne, nan na tsaya. Shi ya sa ba na sa layin Turanci ko ɗaya sai na buɗe ƙamus na Oxford na masu koyo, wanda ke nuna abin da kowane aikatau ke ɗauka a bayansa. Minti biyu ne. Idan na duba ban gamsu ba, sai likitan nawa ya ce "share hawayenki", kuma har yau ba wanda ya rubuto ya ce bai yarda likita ba ne.

Wassalam.