Murhun Gwangwani Ba Abin Raini Ba Ne

Jama'ar Makarfi da Ikara da Kudan, ku saurara. A zamanin Janar Abacha, 1993 zuwa 1998, da kananzir ya yi wuya, talaka ya jingine risho ya ɗauki gwangwani. A huda gindinsa ta gefe, a zura sanda, a tsai da wata a tsakiya, a danƙara garin katako, a zare sandunan, a kunna. Iska ta bi ramin, tuwo ya nuna. Har aka laƙaba wa murhun suna Abacha.

To, ga matatar mai a Kaduna tun 1980, amma matar manomin rake da garin katako take girki! Kunyar wa ce? Ba ta mai gwangwani ba ce.

Mu dai shawararmu, ƙananan hukumomin nan uku su tara maƙera su koya wa samari wannan sana'a, itatuwanmu su huta da gatari. A kuma gargaɗi mata kada su kunna shi a ɗaki rufe, hayaƙinsa kisa yake yi.

Rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Amma ba mu daina cigiyar uwar ba.