Wasiƙa Daga Doha: Cin Da Ya Kore Mini Abokin Wasa

Mu nan Doha sai godiya, ban da zafi. In rani ya kama, babu mai leƙa waje da rana sai dole, daga ɗaki sai ɗakin karatu a Education City, inda rassan jami'o'in Amurka da Turai suke. Wannan zaman cikin gida shi ya sa na koyi wani wasan kati mai suna Magic: The Gathering a hannun wani abokin karatuna ɗan ƙasar Filifin. Kafin Yaya Babba ya bugo waya, bari in faɗa: ba caca ba ce, ko sisi ba ma sawa. Wani masanin lissafi ɗan Amurka, Richard Garfield, shi ya ƙirƙiro shi, ya fito a 1993. Kowa zai haɗa katunansa 60, da hotunan dodanni da mayaƙa, kowa da maki 20 na rai. Wanda nasa ya ƙare, an ci shi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata dabara da ke cikin wasan, wadda zan kira zagaye marar iyaka. Akwai katunan da in ka haɗa biyu, wannan ya tayar da wancan, wancan ya sake tayar da wannan, har illa masha Allahu. Misali, kati mai suna Splinter Twin yana ba mayaƙinka ikon haifar da kwafin kansa sau ɗaya, sai ya kwanta. Shi kuma Deceiver Exarch, da zarar ya shigo fili yana iya tayar da wanda ya kwanta. To in ka ɗora na farko a kan na biyu, kwafin zai shigo ya tayar da uban, uban ya sake haifar wani. A hannu na huɗu kacal sai ka tara runduna. Dokar wasan ma ba ta yarda ka ce "har abada" ba, dole ka faɗi adadi. Sai ka ce miliyan ɗaya, shi ke nan an tashi.

Waɗanda suka yi dara a gindin bishiya sun san irin wannan. Mutum ya jera 'ya'yansa yadda in ya matsa ɗaya gaba ya haɗa uku ya ci, in ya mayar da shi baya ya sake haɗa uku ya ci. Kai kuma ka zuba ido ana tsince maka kamar kaza da tsaba.

Na yi makonni ina neman katunan nan biyu. Ranar da na same su, na gayyato malamin nawa, na haɗa mana shayin karak, na ci shi sau uku a jere. Duka bai kai rabin awa ba. Ya yi murmushi, ya tattara katunansa ya ce yana da aikin makaranta. Sati uku ke nan, duk daren Alhamis sai ya kawo uzuri.

Na zauna na yi tunani, ga ra'ayina. Dabarar ba zamba ba ce, doka ta yarda da ita, kuma sai mai kwanya ke gano ta. Masu kare ta suna cewa kowa na iya riƙe katin da zai kashe mayaƙin kafin zagayen ya kankama, wanda bai shirya ba shi ya so. A gasa, inda kowa ya zo neman kofi, na yarda da su. Amma ko kamfanin da ke buga wasan, Wizards of the Coast, ya san abin na iya kashe kasuwa. A 1999 sun haramta katin Memory Jar cikin gaggawa, lokacin da irin waɗannan dabaru suka sa mutane ƙaurace wa gasa. Shi kansa Splinter Twin sun hana shi a rukunin gasar Modern a Janairun 2016, ba su sake shi ba sai Disamban 2024.

Tsakanin abokai kuwa, ina ganin bai dace ba. Wasa na mutum biyu ne. Da zarar zagayen ya fara, ɗayan ya koma ɗan kallo, katunansa na hannu amma ba su da amfani. Ni da na kira shi don in rage kewar gida, me na ci? A Kano in abokin dara ya yi fushi, kafin la'asar wani ya zauna a gurbinsa. A nan kuwa wanda zai hau jirgin ƙasa ya zo ɗakinka don hira kawai, ba shi da yawa.

Jiya na zare katunan biyu na sa a cikin littafi, na aika masa hotonsu na ce ya zo ranar Alhamis, shayi na kaina. Ya amsa da alamar dariya, bai ce eh ba, bai ce a'a ba. Ku taya ni addu'a.

A gaida Inna da yara. Ƙanena kuma, ka daina yi wa Kawu irin wannan cin a dara, ka ji abin da ya same ni.

Sai wani jiƙon, naku a kullum, daga Doha.