Kunnen mage ma darasi ne

A Mayahi mage ce ke tsare rumbun hatsi daga kusu, amma in ta kamu da ciwo ba mai dubanta. In tana yawan sosa kunne da kaɗa kai, ga baƙin datti kamar garin gawayi a ciki, galibi ƙananan ƙwari ne, kuma suna yaɗuwa ga sauran maguna da karnuka.

Iyaye, kada a zuba mata kananzir ko maganin feshin gona, kada a ba ta farasitamol, guba ne gare ta. A nemi malamin dabbobi, a ƙarasa magani ko ta daina susa, don daga ƙwai zuwa babban ƙwaro kusan mako 3 ne.

Malamai, mu koyar da wannan a aji. Yara ne ke ɗaukar mage, su za su fara gani.