Katin Awo Ba Abin Wasa Ba Ne

Yau maganarmu a kan katin nan ne da ake ba mai ciki ranar awo, wanda da yawanmu kan jefa cikin adaka mu manta da shi.

Akwai wata cuta, tunjere, wadda mace kan yi shekaru da ita ba ta sani ba, domin ƙurjinta na farko ba ya zafi, kuma yakan warke da kansa. Amma cutar tana nan cikin jini, har ta kai ga ɗan da ke ciki. Daga nan sai ɓari, ko bakwaini, ko a haifi ɗa ba rai, ko ya tashi da makanta ko kurumta. Mu kuwa sai mu ce wabi ne, ko mayu.

Alhali maganin ba shi da wuya. Ɗigon jini daga yatsa ya isa gwaji. In an sami cutar, allurar fenisilin kan tsare jariri, muddin an yi ta aƙalla kwana 30 kafin haihuwa. Maigida ma sai an yi masa magani, in ba haka ba cutar ta dawo.

To, ina ruwan kati? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 jarirai wajen 700,000 ne suka kamu da tunjere tun suna ciki. Ƙiyasi ta yi, domin a ƙasashe da yawa rajistar asibiti ba ta cika ba. In an gwada mace ba a rubuta ba, ko an binne jariri a gida ba wanda ya ji, hukuma ba za ta san inda cutar take ba, balle ta aika da magani. A 2015 ƙasar Kyuba ta zama ta farko da aka shaida ta kawar da yaɗuwar tunjere daga uwa zuwa ɗa. Ba a ba ƙasa wannan shaida sai ta nuna a rubuce cewa cikin masu ciki 100 aƙalla 95 suna zuwa awo, haka kuma ga gwaji da magani.

Saboda haka, uwargida da amarya, ki je awo da wuri. Ki ba da sunanki da unguwarku na gaskiya. Kada kunya ta sa ki ɓoye ɓarin da kika taɓa yi. Ki tambayi ungozoma, "An gwada ni tunjere? An rubuta?" In kin tafi goyon ciki gidanku, ki tafi da katin. In kin haihu a gida, ko da ɗan bai zo da rai ba, a sanar da asibiti.

Ku kuma 'yan makaranta, ku riƙa karanta wa iyayenku da yayyenku katin. Gurbin da kuka ga babu rubutu, ku ce su tambaya.

Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Allah ya sauki masu ciki lafiya, amin.